Asalin Ɗan Kura

Duk wanda ya ga Buzu ya naɗa baƙin rawanin nan mai walƙiya, wanda shuninsa ke kama goshi da yatsu, to ya ga ɗan Kura. Sunan garinsu ya ci, wato Kura, wadda ke kudu da birnin Kano a kan hanyar Zariya.

Dattawa suka ce tun ran da aka raba wa 'ya'yan Bawo aiki aka san inda rini zai zauna. Gobir aka ba yaƙi, Katsina da Daura aka ba su kasuwa, Kano da Rano kuwa aka ce su ne sarakunan baba. Ba a banza aka yi wannan rabo ba, don ƙasarsu tana karɓar baba da auduga. Ga Kura kuma Allah ya ajiye ta tsakanin sarakunan nan biyu, to ina za ta tsere wa shuni?

A kan wanda ya fara kawo rinin, bakin masu ba da labari bai haɗu ba. Waɗansu suka ce Wangarawa ne, da suka zo daga Mali zamanin Sarki Yaji. Waɗansu suka ce a'a, Barebari ne daga Barno. Mutanen birni kuma suna alfahari da karofin Ƙofar Mata, wanda suke cewa an haƙa a 1498, zamanin Muhammadu Rumfa. Ni dai abin da hankalina ya fi kwanciya da shi, baba tsiron ƙasarmu ne, kuma kakanninmu sun daɗe suna rini a manyan tukwane kafin baƙi su iso. Baƙi sun ƙaro dabara, amma tushen na gida ne.

Aka ce da tukwane suka kasa ɗaukar aiki, sai marina suka koma haƙa rami mai zurfi, wanda ya fi tsayin mutum. Suka riƙa kwaso katsi, wato lakar da ke kwanciya a gindin marina, su ƙona shi, su haɗa da gashin jima da dafara, ya zama laso. Da shi ake shafe ramin, ya yi shekara da shekaru ruwa bai tsiyaye ba. Dubi hikima: dattin rinin jiya shi ne ginin marinar gobe.

Abin da ya fi burge ni da wannan sana'a, a da babu gidan da ba ta shiga. Da damina manomi ya shuka auduga da baba. Da kaka a tsinko auduga, mata su gurje ta, su saɓe, su zauna da mazari da ɗan alli a yatsa suna kaɗi suna hira. Da kuɗin zaren nan uwa take tara wa 'yarta kayan ɗaki. Masaƙi ya saƙa sawaye sirara, faɗinsu bai fi na yatsa ba, maɗinki ya jera su ya haɗe, ya zama turkuɗi. Sannan a kai karofi. Marini ya riga ya zuba ruwa da toka da baba, ya yi kwanaki yana motsawa har kumfa ta taso. Ya tsoma, ya ɗago, sai ka ga tufa ta fito kore-kore, iska na bugunta tana rikiɗa shuɗiya a gaban idonka. Haka zai yi ta yi har ta yi baƙi wuluk. Daga nan sai wurin masu bugu. A shimfiɗa ta a kan gungume, a barbaɗa shuni, majiya ƙarfi su yi ta dukanta bi da bi, har ta ɗauki ƙyalli kamar ƙarfe. A ninke, a naɗe cikin takarda, sai ayari.

A da, Azbinawa sukan sauko da raƙuma ɗauke da gishirin Bilma, su koma da hatsi da 'yan Kura. A ƙarni na 19 sunan garin ya kai ko'ina cikin Sahara. Bajamushen nan Barth, wanda ake kira Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafin ƙasar suna kaiwa har Tambutu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Ya kuma yaba da yadda ake aikin a cikin gidaje, kowa tare da iyalinsa.

Daga baya shunin Turawa da yadin kanti suka shigo, marinai da yawa suka cike da ƙasa. Yanzu shinkafar noman rani ce ta riƙe Kura, mata na turarawa, injuna na casa. Alhamdu lillahi, abinci ne. Amma shinkafa ko'ina ana yin ta, ɗan Kura kuwa sai Kura. Har yau akwai Buzun da ba ya jin ya cika mutum ran salla sai ya naɗa shi, shunin ya bar masa alama a goshi. Muddin yana nema, bai kamata a rasa yaron da zai gaji ubansa a bakin marina ba.