Hukuncin da ya tsayar da Kazaure

Mukan ɗauka takobi ne ya ba Kazaure 'yancinta, alhali zaman sulhu ne ya tabbatar da shi.

Da Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano a 1819, Ɗantunku ya ƙi yi masa mubaya'a. Aka shekara biyar ana gwabzawa. A 1824 magana ta je gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yanke cewa Kazaure ta ci gashin kanta. Kano ce babba, kuma ita ce hukuncin bai yi wa daɗi ba, amma Dabo ya haƙura, don wanda ya yanke ɗin shugabansu ne su duka. Shi ya sa yau Roni da Gwiwa suke masarautar Kazaure. Babura kuwa ta zauna ƙasar Kano, yanzu tana Ringim.

Mai unguwarmu ba shi da irin ƙarfin Bello. A shari'ar Agu da Ikewibe ta 1991, Kotun Ƙoli ta ce sulhun gargajiya yana ɗaure mutum idan ya je da yardarsa, kuma bai yi fatali da hukuncin ba lokacin da aka faɗa. Wanda aka tilasta wa zaman rabon gona yana da bakin magana a kotu.