Limoniya ko Nimoniya? Tarihin Kalmar da Cutar

Idan hunturu ya kama a nan Sundimina, za ku ji ana cewa "yaron wance limoniya ce ta kama shi." Wani ɗalibina ya ce wai kuskure ne, nimoniya ake cewa. To, bari mu bi kalmar daga tushe.

Daga Girkanci ta fito. A can pneumon na nufin huhu. Hippocrates, likitan Girka da aka haifa wajen shekara 460 kafin haihuwar Annabi Isa, ya bayyana alamominta: zazzaɓi, tari da ciwo a gefen ƙirji. Da kalmar ta shiga Turanci sai suka bar harafin p a rubuce, amma ba sa furta shi. Faransawa kuwa har yau suna furtawa.

Ku duba abin da Bahaushe ya yi mata. Bai ji p ba, don haka bai ɗauko shi ba. Hausa kuma ba ta jera wasula biyu irin ia, sai ta cusa y a tsakani, kamar a maleriya da Indiya. Sannan n ta farko ta koma l, daidai yadda aka samu lamba daga kalmar Turanci mai farawa da n. Da yake ta ƙare da a, sai ta zama tamata: "limoniya ta kama shi." Ni a ganina limoniya ba kuskure ba ce, ita ce ma ta fi zama Bahaushiya. Nimoniya ta 'yan boko ce da gidajen rediyo.

Akwai kuma namu na gida: ciwon haƙarƙari, ko sanyin haƙarƙari. Na farkon ya faɗi inda ciwon yake, ba laifi. Na biyun ne nake da ja a kansa, don ya ɗora wa sanyi laifin, shi ya sa ake hana yaro ruwan randa da fanka a zauna jiran sauƙi. A 1881 Louis Pasteur a Faransa da George Sternberg a Amurka, kowa da nasa binciken, suka gano ƙwayar bakteriyar da ta fi haddasa ta. Bairos ma na kawo ta. Ƙwayar kan shiga ƙananan jakunkunan iska na huhu, su cika da ruwa ko mugunya, numfashi ya gagara. Hayaƙin itacen girki, tamowa da ƙyanda su ne ke buɗe mata ƙofa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 cutar ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 su 740,180. Najeriya ta fara sa rigakafinta cikin alluran jarirai a Disamba 2014.

Alamar da uwa za ta iya ƙirgawa da kanta: jaririn wata 2 zuwa 11 yana numfashi sau 50 ko fiye a minti ɗaya, ɗan shekara 1 zuwa 5 kuma sau 40, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki. In kun ga haka, ba lokacin kiran wanzami ya yi ƙaho ba ne fa. A nufi asibiti mafi kusa, in ta yi tsanani ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu.

Ku a garinku, me kuke ce mata?