Ganuwa da Kududdufi: Yadda Birnin Kano Ya Zauna da Ruwan Sama

A Hausar dā, in an ce birni, ganuwar kanta a ke nufi, sa'an nan garin da ta kewaye. Haka kuma Bahaushe ya bambanta tafki da kududdufi: tafki ya kan samu ko ba hannun mutum, amma kududdufi rami ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, ruwan sama ya zo ya cika shi. Waɗannan kalmomi biyu, birni da kududdufi, su ne mabuɗin tarihin zaman Kano da ruwa, tarihin da ya kamata masu tsara gari su sani, tun da ya ke ambaliya ta zama baƙuwar kusan kowace damina.

Bisa ga Tarihin Kano, wanda aka buga fassararsa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ne ya soma gina ganuwa. Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi, daga baya Muhammadu Nazaki ya ƙara mata faɗi cikin ƙarni na 17. Sa'ad da Turawa suka ci Kano a 1903, Lugga ya ba da rahoto cewa kewayenta ya kai mil 11, da ƙofofi 13. Abin lura a nan shi ne abin da ganuwar ta kewaye. Kyaftin Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya ƙiyasta mutanen garin tsakanin 30,000 da 40,000, ya kuma ce gidaje ba su ci fiye da rubu'in filin da ke cikin ganuwa ba, saura duk gonaki ne da lambuna. An bar wannan fili don garin ya ci da kansa in abokan gaba sun yi masa zobe. Amma yana da wani amfani da ba a cika ambata ba, watau ƙasa ce buɗaɗɗiya mai shanye ruwa.

Ruwan Kano kuwa ba shi da yawa a lissafin shekara, wajen inci 30 ne zuwa 35, sai dai kusan dukansa yana sauka cikin wata huɗu, mafi yawa a Agusta. Gari mai irin wannan damina aiki biyu ke gabansa, ya kau da ruwa daga gindin bango ran da aka yi mamako, ya kuma tsare shi don rani. Kududdufi ya ɗauki aikin nan duka biyu. Duk wanda zai yi gini a unguwa, daga ramin unguwar ya ke ɗibar ƙasa, a kwaɓa ta da ciyawa, a mulmula tubali, a aza bango mai kauri, a rufe da azarar giginya, a shafe soro da makuba ko katsi don kada ya yi yoyo. Ruwan da ya sauka bisa soro ya bi indararo ya faɗo lungu, lungu ya kai shi kududdufi, in kududdufi ya cika ya tumbatsa zuwa na gaba da shi, har ya isa Jakara, wadda ta ratsa tsakiyar gari ta fita gabas. Ashe ke nan gwargwadon yawan gidaje gwargwadon girman ramin da zai karɓi ruwansu, ba tare da wani ma'aikaci ya auna ba. Ruwan da ya kwanta kuma yana tsiyaya cikin ƙasa yana raya rijiyoyin gidaje.

Kada a ɗauka wannan tsari ba shi da aibi. Clapperton da Dokta Barth, wanda ya zo a 1851, duka sun yi kukan ɗoyin fadamar Jakara da ruwan da ke kwance cikin gari, kuma gaskiyarsu ce. Kududdufi gidan sauro ne, a cikinsa a ke zubar da ƙazanta, yara kan nutse a ciki. Ginin ƙasa shi ma yana bukatar yaɓe a kai a kai, wanda ya yi sakaci damina ta hukunta shi. Shara dai ta sami mafita mai kyau, domin jakuna kan kwashe taki da toka daga gari zuwa gonakin karkara, su komo da itace da hatsi. Michael Mortimore, wanda ya bincika wannan karkara a shekarun 1960, ya nuna da takin nan a ke noma gona kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba.

Zuwan Turawa ya juya fuskar garin waje. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aka kafa Sabon Gari don baƙi, Nasarawa da Bompai don Turawa da kamfanoni. Sunan Waje da a ke kiran wannan yanki da shi ya isa shaida cewa a idon Bakano ganuwa ce iyakar gari, ga shi kuwa daga bisani mutanen waje sun fi na ciki yawa nesa ba kusa ba. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero En'e ta jawo ruwan famfo daga Challawa, saboda haka rijiya ta rage daraja. Bulo da siminti da kwano suka shigo, magini ya daina bukatar ramin unguwa. Ganuwa kuma, da ya ke babu sauran yaƙi, aka bar gayyar gyaranta. Da kududdufi ya rasa aikinsa na fari, sai aka manta da na biyun, aka shiga cike shi da shara ana yanka filoti a kansa.

An yi ƙoƙarin tsari. Trevallion ya shirya wa Kano da kewayenta shiri na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, amma garin ya riga shirin gudu. Ƙidayar 1952 ta sami mutum wajen 130,000, ta 2006 kuwa ta sami kusan miliyan 3 a ƙananan hukumomi 8 na birni da kewaye. Mafi muni, wannan bunƙasa ta faɗo daidai shekarun ƙarancin ruwa. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun koro mutanen karkara cikin gari, kwari da fadamar da kakanni ba su yarda su yi gini a ciki ba suka bushe, suka zama kamar tudu, aka gine su. Hankalin hukuma a lokacin yana kan tara ruwa, shi ya sa aka gama madatsar Tiga a 1974, bisa shirin da Gwamna Audu Bako ya ɗauko. A Agustan 1988 aka yi ruwa mai tsanani, madatsar Bagauda ta fashe, gidaje masu yawa suka rushe a jihar. Tun daga shekarun 1990 damina ta farfaɗo, amma da wani hali sabo: binciken da masana yanayi suka buga a 2017 ya nuna manyan hadura masu zubar da ruwa lokaci guda sun ninka sau 3 a yankin Sahel tun daga 1982.

Maganin da aka fi kamawa shi ne kwalbati da magudanar kankare, har an rufe wani sashen Jakara an shimfiɗa titi bisansa. Wannan ya rage ɗoyi, ya sauƙaƙa tafiya, ba mai musu. Sai dai magudana kore ruwa ta ke yi, ba ta riƙe shi, in leda da yashi suka toshe ta kuwa sai ya koma gidajen mutane, alhali rijiyoyin burtsatse suna zuƙe na ƙarƙashin ƙasa ba mai mayar da shi. Injiniyoyin zamani a manyan biranen duniya suna kashe kuɗi masu yawa su haƙa tafkunan tare ruwan sama a tsakiyar gari, watau kududdufi mai shinge da kula. A Kano ba a bukatar haƙa, akwai sauran waɗanda ba a cike ba cikin birni da gefen ganuwa. Abin da su ke jira shi ne a auna su, a sa su a taswira, a hana zuba musu shara da ruwan masai, a kuma yi doka cewa filinsu ba na sayarwa ba ne, kafin mai neman filoti ya riga mai awo isa bakinsu.