Birni a Cikin Ɗigon Jini: Tarihin Gano Ƙwayar Halitta

Jikin mutum, da na saniyar da ake kaiwa karar Wudil ran Juma'a, da na karan dawar da ke gona, dukkansu an gina su ne da waɗansu 'yan ƙananan ɗakuna waɗanda ido ba ya iya gani, kamar yadda ake gina soro da tubali. Su ne ake kira ƙwayoyin halitta. Masana sun kimanta cewa a jikin baligi guda akwai wajen tiriliyan 30. Wannan magana yau ɗan sakandare ya san ta, amma sai da aka yi shekara kusan 300 ana kai da komowa kafin a san abin da ke cikin ɗakin nan guda. Tarihin wannan bincike ya shafi mutanen ƙasar Kano kai tsaye, domin cuta biyu daga cikin waɗanda suka fi cin 'ya'yansu, watau zazzaɓin cizon sauro da amosanin jini, a cikin ƙwayar jini suke yin ɓarnarsu.

Tushen al'amarin gilashi ne. Tun a ƙarni na 11 Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya yi bayanin yadda haske ke shiga ido da yadda yake karyewa idan ya ratsa ruwa ko gilashi. Amma sai a 1665 wani Baturen Ingila, Robert Hooke, ya yanko ɓawon itacen da ake toshe bakin kwalba da shi, ya sa a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu, ya ga ramuka jere kamar saƙar zuma. Ya kira su da kalmar Latin mai nufin ƙaramin ɗaki, kuma daga nan aka sami sunan "sel" da ake ji a makarantu. Abin da bai sani ba shi ne kango ya gani. Ɓawon matacce ne, masu gida sun daɗe da tashi, katanga kaɗai ta rage.

Wanda ya fara ganin masu gidan da ransu ba malamin jami'a ba ne. Wani mai sayar da yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, wanda bai iya Latin ba, alhali kuwa shi ne harshen ilmi a Turai a wancan zamani. Da hannunsa yake goge 'yan gilasai ƙanana har su ƙara girman abu fiye da sau 200. A 1674 ya bayyana jajayen ƙwayoyin jini. A 1676 ya jiƙa masoro a ruwa don ya gano abin da ke sa shi yaji, sai ya tarar da ruwan cike da waɗansu halittu masu motsi. Manyan masana na Landan suka yi shakka, sai da Hooke ya maimaita gwajin a 1677 suka yarda. Ya kamata ma'aikacin gwamnati ya lura da wannan: wasiƙar da ta buɗe sabon fagen ilmi daga hannun ɗan kasuwa ta fito.

Daga nan sai aka yi shiru na wajen shekara 150, saboda madubin zamanin yana dishe hoto. Da aka gyara gilasan wajen 1830, bincike ya farfaɗo. A 1831 Robert Brown ya lura da wani ɗan dunƙule a tsakiyar kowace ƙwayar tsiro, ya sa masa suna nukiliyas, watau cibiya. A 1838 Matthias Schleiden ya ce duk tsiro da ƙwayoyi aka gina shi, a 1839 kuma abokinsa Theodor Schwann ya ce dabbobi ma haka ne. Sai dai sun yi kuskure a wuri guda: sun ɗauka ƙwayar tana daskarewa ne daga ruwan jiki, kamar yadda gishiri ke fitowa idan ruwa ya ƙafe. Robert Remak ne ya nuna, ta hanyar duban ɗan tsako a cikin ƙwai, cewa ƙwaya rabuwa take yi gida biyu. Rudolf Virchow ya yayata wannan a 1855, sunansa ya tafi da shi, Remak kuwa, wanda kasancewarsa Bayahude ta hana shi samun cikakken muƙamin farfesa, aka kusa mantawa da shi. Amma Virchow ya ƙara wani abu nasa a 1858, cewa kowace cuta a nemi asalinta a cikin ƙwaya. A kan wannan harsashi aikin likita na zamani ya tsaya.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar abin da aka gano bayan haka ita ce a ɗauki ƙwayar kamar birni irin na ƙasar Hausa. Abu na farko ganuwa. Kowace ƙwaya tana kewaye da wani tantani na maiƙo ninki biyu, abin da waɗansu masana biyu na Holan, Gorter da Grendel, suka gano a 1925 ta hanyar auna maiƙon jajayen ƙwayoyin jini. A jikin tantanin akwai ƙofofi, kowace da irin kayan da take bari su wuce: wannan ta sukari, waccan ta gishiri, kamar yadda Sarkin Ƙofa yake sanin mai shiga da mai fita. Bambancin kawai, ganuwar Kano a tsaye take, ta ƙwaya kuwa mai laushi ce, ƙofofinta suna yawo a cikinta kamar ƙwarya a kan ruwa. Tsiro ne ke ƙara katanga mai tauri a bayan tantanin, ita ce Hooke ya gani, ita ce kuma ke sa kara ya tsaya.

Fadar birnin ita ce cibiya, kuma marina ne suka buɗe ta. Cikin ƙwaya garau yake, ba a rarrabe komai sai an rina. Da masana'antun Turai suka fara yin rini daga kwal bayan 1856, masu bincike suka ari launukan, suka ga wani sashe yana kama rini, wani yana ƙi, abin da ba zai ba marinin Ƙofar Mata mamaki ba. Da haka Walther Flemming ya bayyana a 1882 yadda waɗansu zare-zare a cikin cibiya ke rabuwa daidai wa daida idan ƙwaya za ta zama biyu. Sunan da aka ba su a 1888, kuromosom, ma'anarsa jiki mai launi. Tun 1869 Friedrich Miescher ya riga ya tace sinadarin da ke cikinsu daga mugunyar da ke jikin bandejin asibiti, amma ba a san siffarsa ba sai a 1953, da Watson da Crick suka yi amfani da hotunan Rosalind Franklin. Shi ne DNA. Mutum yana da kuromosom 46, rabi daga uwa, rabi daga uba, kuma idan aka warware zaren ƙwaya guda zai kai wajen mita 2.

A nan misalin fada yana da tarko. Babu sarki a cikin cibiya. Abin da ke ciki kundi ne, rubutacce da harufa huɗu kawai, kuma ba ya fita waje. Idan ana bukatar wani abu, sai a kwafi shafin da ya dace a ba manzo ya kai wa masaƙa. Masaƙan su ne ribosom, waɗanda George Palade ya bayyana a 1955 da madubi mai aiki da lantarki. Aikinsu jera 'yan sinadarai iri 20 bisa tsarin da takardar ta faɗa, har su zama furotin. Masaƙin nan ba ya tambaya. Abin da aka rubuta shi yake saƙawa, ko daidai ko kuskure, kuma za a ga illar wannan nan gaba.

Kayan da aka saƙa suna wucewa wani wuri mai kama da tasha, inda ake ɗaure su a rubuta musu inda za su. Camillo Golgi na Italiya ya gan shi a 1898, amma aka shafe fiye da shekara 50 waɗansu na cewa dattin rini ne kawai. Akwai kuma 'yan jakunkuna masu narkar da abin da ya lalace a sake amfani da shi, kamar 'yan gwangwan, waɗanda Christian de Duve ya gano a 1955. Dabarar da aka bi wajen ware waɗannan sassa ta Albert Claude ce: a niƙa hanta, a juya ta da ƙarfi a cikin inji, mai nauyi ya kwanta, mara nauyi ya taso, kusan yadda Bafillatana ke kaɗa nono ta fid da mai. Su ukun, Claude da de Duve da Palade, suka sami kyautar Nobel a 1974.

Murhun birnin shi ne mitokondiriya, inda ake ƙona abincin da aka ci da iskar oksijin a sami ƙarfi. Tarihinsa ya fi na sauran ban mamaki. Yana da ɗan kundinsa na kansa, kuma a 1967 Lynn Margulis ta kawo hujjar cewa asalinsa baƙo ne, wata ƙwayar bakteriya da ta shiga cikin wata tun fil azal, ta zauna har ta zama 'yar gari. An yi mata dariya da farko, yau kuwa an karɓi maganarta. Ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa.

Sai dai ƙwayar da ta fi yawa a jikin mutum ba ta da fada, ba ta da murhu. Jar ƙwayar jini tana zubar da su duka kafin ta gama girma, don ta cika cikinta da himogulobin, furotin mai ɗaukar oksijin. Ita kwalekwale ce irin na masu fito a kogin Wudil: ta ɗauko kaya a huhu, ta sauke a gaɓoɓi, ta koma. Tana lanƙwashewa ta ratsa jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta, kuma da yake ba ta da kundin gyara, kwana 120 take yi ta mutu. A cikinta ne Alphonse Laveran ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a 1880, a asibitin soja na Kusantina a Aljeriya. A 1910 kuma James Herrick na Shikago ya ba da labarin wani ɗalibi daga tsibirin Girenada wanda ƙwayoyin jininsa suka lanƙwashe kamar lauje. Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa laifin a himogulobin yake, sa'an nan Vernon Ingram ya gano shi daidai a 1957: a cikin jerin sinadarai 146, na shida kaɗai aka musanya, saboda harafi guda ya sauya a kundi. Masaƙi ya saƙa abin da ya gani. Sakamakon shi ne ƙwaya mai sandarewa idan oksijin ya yi ƙaranci, ta toshe hanya, ta jawo ciwon ƙashi mai tsanani, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20.

Me ya sa wannan gado bai ƙare ba, tun da yana kashe masu shi? A 1954 Anthony Allison ya nuna a Afirka ta Gabas cewa wanda ya gaji harafin daga ɗaya cikin iyayensa kawai, watau mai AS, yana da kariya daga mugun zazzaɓi. Ɗaya daga cikin manyan hujjojin da suka ƙarfafa wannan daga tsohuwar Jihar Kano ya fito. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da bincike a ƙasar Garki, wadda ta koma Jihar Jigawa a 1991. A ƙauyuka 22 ana ɗibar jinin jama'a duk mako 10 ana dubawa a madubi. An yi feshi, an raba magani, zazzaɓi ya ragu ƙwarai, da aka daina kuma ya dawo. A cikin wannan aiki Alan Fleming da abokansa suka tarar wajen jarirai 2 cikin 100 ana haifarsu da SS, amma da ƙyar ake samun mai SS a cikin manyan yara, domin yawancinsu ba su kai shekara biyar ba. Masu AS kuwa, da suke kusan kashi ɗaya cikin huɗu a jarirai, yawansu ƙaruwa yake yi a cikin manya, saboda zazzaɓi ya fi ɗaukar masu AA. Sauro ne ya riƙe sikila a ƙasar nan, kuma shi ya sa Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, inda aka kimanta ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da ita a shekara.

Lokacin binciken Garki, 'yan ƙasa masu ilmin wannan fanni kaɗan ne. A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, a 2001 kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil ta fara aiki, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022. Likitocin asibitocin Kano sun shiga gwaje-gwajen da suka nuna cewa maganin haidiroksiyuriya yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga yara masu sikila. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da wani magani da ke taɓa kundin kansa a cikin ƙwayoyin ɓargo, ya sa jiki ya koma yin irin himogulobin da jariri ke yi a ciki, amma kuɗinsa a Amurka ya haura dala miliyan 2, ba na talakan Wudil ba ne, ba ma na mai albashi ba.

Abin da ke hannun kowa shi ne lissafin gado. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma ciki ba ya tuna abin da ya faru a na baya: ana iya haifar uku a jere da cutar, ana iya haifar shida babu ko ɗaya. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin jini kafin a ɗaura aure, har da na sikila. Gwajin da aka fi yi a asibitoci, inda ake ratsa lantarki ta cikin ɗigon jini a ga himogulobin S ya yi jinkiri a bayan A, jikan dabarar nan ce da Pauling ya yi amfani da ita a 1949.