Daga Kwalejin Birnin Kudu Zuwa Kwalejojin Kuɗi

Yau tafiya za mu yi zuwa kudancin Jihar Jigawa, wato ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, mu duba yadda kalmar nan "kwaleji" ta shiga bakin mutanen karkara, da yadda ma'anarta ta sauya daga zamanin iyayenmu zuwa namu. Abin da ya sa na ɗauko zancen, wata 'yar ƙanwar mahaifiyata ce da aka sayar da awaki biyu da buhun riɗi aka kai ta wata ƙaramar kwalejin kiwon lafiya mai zaman kanta. Zan dawo kan labarinta, amma bari mu fara daga tushe.

Idan kika taso daga Kano kika bi ta Wudil a kan hanyar Maiduguri, sai kin yi tafiyar sama da kilomita 100 kafin ki ga duwatsun Birnin Kudu. Garin tsoho ne ƙwarai. A duwatsun Habude da Mesa akwai zane-zanen shanu da mutanen da suka yi, waɗanda masu binciken tarihi suka bayyana wa duniya a shekarun 1950. To a wannan gari ne aka kafa makarantar kwana ta maza da ake kira Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu. Makarantar ta girmi Jihar Kano da aka ƙirƙiro a 1967, balle Jigawa da aka cire daga Kano a watan Agustan 1991. Aliko Ɗangote ya yi karatu a cikinta, haka ma Abdullahi Umar Ganduje wanda ya mulki Kano daga 2015 zuwa 2023.

Ki lura da wani abu a nan. A wancan zamani 'yan birni ne ake ɗaukowa a kawo ƙauye neman ilmi. Yaro zai taho da akwatin ƙarfe da ɗan ƙunshin ƙanzo da ƙuli-ƙuli, sauran kuwa gwamnati ce: abinci, littattafai, kayan makaranta, sabulun wanki, har da kuɗin motar komawa gida in an yi hutu. Tsofaffin ɗalibai har gobe suna ba da labarin gabza, wato tuwon makaranta, da ƙararrawar asuba cikin sanyin hunturu, da mulkin manyan ɗalibai a kan ƙanana. Suna faɗi suna dariya, domin sun san abin da wahalar ta haifa musu. Wanda ya gama, aiki ne ke jiransa. A lokacin ma roƙon iyaye ake yi su ba da 'ya'yansu, wasu har ɓoye yara suke yi a rumbu idan suka ji an zo ɗaukar 'yan makaranta.

Mu mata fa? Mun makara, ko in ce an makarar da mu. Turawan mulkin mallaka ba su buɗe wa 'yan mata makaranta a Kano da Katsina ba sai a 1930, ita ma ta 'ya'yan gidan sarauta ce galibi. Ba wai matan ƙasar Hausa ba su san karatu ba ne kafin nan, ai Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta riga ta tsara 'Yan Taru, tana tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata a gidajensu ba da kuɗin hukuma ba. Sai dai boko na 'ya mace bai kai karkara sosai ba sai bayan shirin ilmin firamare kyauta na 1976. Daga baya Gwaram ta samu makarantar sakandaren kwana ta 'yan mata, Birnin Kudu kuma ta samu makarantar koyon aikin jinya ta gwamnatin jiha, ga kuma asibitin tarayya a garin. Sule Lamiɗo, ɗan Bamaina ta nan ƙasar Birnin Kudu, da ya yi gwamna daga 2007 zuwa 2015, ya mayar da karatun 'ya'ya mata kyauta a makarantun gwamnati.

To kin ga inda matsalar ta ɓullo. 'Yan mata sun yi ta gama sakandare, amma guraben gaba da sakandare ba su ƙaru daidai da yawansu ba. Gaskiya ne an buɗe Jami'ar Tarayya a Dutse a 2011, an kafa ta jiha a Kafin Hausa a 2013, amma dubbai ke nema, kaɗan ake ɗauka. Ga kuma uba da zai ce shi 'yarsa ba za ta yi nisa da gida ba, ko miji da zai ce ya yarda a yi karatu amma a kwana a ɗaki. Wannan giɓi shi ne 'yan kasuwa da ƙungiyoyi suka hango.

Makarantun gaba da sakandare masu zaman kansu ba su daɗe ba a Nijeriya. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe jami'o'i masu zaman kansu da suka fara tsirowa. A 1993 aka yi dokar da ta sake ba da dama, sannan sai a 1999 aka ba uku na farko lasisi: Igbinedion da Babcock da Madonna, dukkansu a kudancin ƙasar. Mu nan Arewa, Al-Qalam ta Katsina ta zo a 2005. Jigawa kuwa sai a 2021 aka ba Jami'ar Khadija lasisi, a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura. Ba ta yi nisa ba gwamnatin jiha ta amince da sayen ta a 2024. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa riƙe makaranta a karkara da kuɗin makaranta kawai ba wasa ba ne. Asusun TETFund da ke gina azuzuwa da ɗakunan gwaje-gwaje, makarantun gwamnati yake yi wa aiki. Bashin karatu na NELFUND ma da aka fara a 2024, da ɗaliban makarantun gwamnati aka fara shi.

Amma abin da talakan Gwaram ko Basirka ko Sara ya fi sani ba jami'a ba ce, ƙaramar kwaleji ce: ta kiwon lafiya, ko ta horar da malamai mai ba da NCE. Bari in siffanta miki rayuwa a irinsu kamar yadda na gani da idona lokacin da na kai ziyara wajen 'yar'uwar tawa. Gini ne na azuzuwa huɗu ko biyar a gefen gari, an kewaye da katanga, ga allo babba a bakin titi. Babu ɗakin kwana, don haka 'yan mata uku ko huɗu ke haɗa kuɗi su kama ɗaki a cikin gari, a gidan da aka yarda da matar gidan. Risho ɗaya, tukunya biyu. Da safe koko ko garin kwaki, da rana ɗanwake, ranar da aka aiko da saƙo daga gida a yi shinkafa da wake da mai da yaji. Ruwa sai an bi layi a burtsatse, waya sai an kai wa mai caji. Malamai da dama ma'aikatan wani wuri ne, don haka darasi ya fi yawa da yamma da Asabar da Lahadi.

Kada ki ce kushe nake yi. Na ga abin da ya burge ni. Aji ne na mutum talatin ko arba'in, malam ya san sunan kowa, idan ba ki zo ba zai tambaya. Na ga mai goyo a aji, ƙanwarta na zaune a inuwa tana jiran a miƙo mata jariri. Wannan matar, in ba don kwalejin nan ta kusa ba, wallahi karatunta ya ƙare tun ranar da aka kai ta ɗaki. Kuma ƙauyukanmu na matuƙar buƙatar mata masu karɓar haihuwa da malamai mata, domin akwai matar da gara ta haihu a gida da namiji ya duba ta.

Inda gizo ke saƙar shi ne takardar shaida. A zamanin Kwalejin Birnin Kudu babu uban da ya taɓa tambaya ko hukuma ta san da makarantar, tunda ta hukuma ce. Wannan yarda da muka gada ita muka ɗauka muka ba duk ginin da aka rubuta wa "kwaleji". Alhali kowane irin karatu da hukumar da ke tantance shi. Jami'a, NUC. Kwalejin ilmi, NCCE. Difloma ta fasaha, NBTE, wadda aka kafa a 1977, hedkwatarta na Kaduna. Aikin jinya da ungozoma, majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa. Kuma ki riƙe wannan da kyau: makaranta na iya samun izinin buɗewa, amma kwas ɗin da 'yarki ke yi a cikinta bai samu amincewa ba. Kwas-kwas ake tantancewa. Rajista da hukumar yi wa kamfanoni rajista kuwa, shaidar kasuwanci ce kawai, ko da an saka ta a firam an rataye a ofishin shugaba.

Abin da ya faru da 'yar'uwata ke nan. Ta yi shekara biyu, ta ci jarrabawar makaranta, ta ɗinka farar riga, har an fara kiran ta "likita" a unguwa. Da lokacin jarrabawar ƙasa ya zo, wadda sai da ita ake samun lasisin aiki, sai aka ce a jira, "ana kan magana da Abuja". Aka jira shekara guda. Mahaifinta ya je ya dawo, ya je ya dawo, daga ƙarshe ya ce ya bar wa Allah. Babu wanda ya tambayi takardar amincewar kwas ɗin ranar da aka biya kuɗin farko, har da ni da nake taƙamar na yi jami'a.

Bana ta sake cike fom, wannan karon a makarantar gwamnati, daga aji ɗaya. Kafin a biya ko sisi, ni da ita muka zauna muka buɗe shafin hukumar a waya muka nemo sunan makarantar da na kwas ɗin. Farar rigar tana nan a ƙasan akwati, ta ce ba za ta bayar ba.