Amfani da hayaƙi wajen duba amyar ƙudan zuma

Hayaƙi shi ne babban makamin mai kiwon zuma a duk lokacin da zai buɗe amya, ko don duba lafiyar ƙudan ko don ɗiban zuma. Dabarar tsohuwa ce: zane-zanen da aka samu a Masar, na kimanin shekara 2,400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun nuna masu kiwo na hura hayaƙi cikin amya.

Yadda yake aiki

Hayaƙi ba ya sumar da ƙudan zuma, kamar yadda wasu ke zato. Katse musu hanyar sadarwa yake yi. Idan masu gadin ƙofar amya suka ji barazana, sukan saki wani sinadari mai ƙamshi kamar na ayaba, wanda ke kiran 'yan uwansu su fito su yi harbi. Hayaƙi na dusashe jin ƙamshinsu, sai kiran ya kasa isa. Bayan minti 10 zuwa 20 jin nasu ke dawowa.

Haka kuma, da sun ji hayaƙi, da yawa sukan koma kan saƙa su cika ciki da zuma, hankalinsu ya ɗauke daga kan mai duba su. Wannan na da muhimmanci a Nijeriya, domin ƙudan zuman Afirka ta Yamma sun fi na Turai saurin fushi.

Kayan aiki

A gargajiyance, masu ɗiban zuma kan hau bishiya da dare riƙe da dunƙulen ciyawa mai ci da wuta. Harshen wutar kan ƙone ƙudan da ƙwayayensu, wani lokaci har da sarauniya, kuma yakan haddasa gobarar daji. A 1873 wani mai kiwon zuma a Amurka, Moses Quinby, ya ƙera gwangwanin hayaƙi mai ɗauke da zuga-zugi, wanda Tracy Bingham ya inganta daga baya. Shi ake amfani da shi har yau.

Abin da ake zuba masa ya haɗa da busasshen kashin shanu, totuwar masara, ƙaiƙayi, busassun ganye ko ɓarbashin katako. Ba a sa leda, roba, kananzir ko itacen da aka shafa wa fenti, domin hayaƙinsu guba ne ga ƙudan, kuma yana ɓata zumar.

Ƙa'idojin amfani

Hayaƙin da ake so fari ne, mai kauri kuma mai sanyi. A fara gwada shi a bayan hannu. Idan da zafi, a ɗora ɗanyen ganye a saman wutar. Daga nan a hura sau biyu ko uku a ƙofar amya, a jira kamar minti ɗaya, sannan a ɗaga murfi kaɗan a ƙara. A tsaya ta gefe ko ta bayan amya, kada a tare ƙofa. Wanda aka harba ya kankare ƙarin da farce, ya hura wa wurin hayaƙi, don kada ƙamshin ya janyo wasu.

Yawan hayaƙi na da illa. Yakan ruɗa ƙudan, har ya sa su ƙaurace wa amyar baki ɗaya, kuma zumar takan ɗauki ƙauri, farashinta ya faɗi a kasuwa. Hayaƙi kuma ba ya maye gurbin rigar kariya, ragar fuska da safar hannu.

Bayan kammala aiki, a juye tokar a rami a kashe ta da ruwa, musamman a lokacin hunturu da ciyawa ta bushe.