Tour d'Afrique: daga Alƙahira zuwa Cape Town a kan keke

Tour d'Afrique doguwar tafiya ce a kan keke da aka fara a 2003, daga Alƙahira zuwa Cape Town, wadda a da take kai kimanin kilomita 12,000 cikin wata huɗu. Asalin hanyar ta ratsa ƙasashe 10, ciki har da Sudan, Habasha, Kenya da Malawi. Mahaya kan yi sama da kilomita 100 a yini, motoci na ɗauke da kayansu, da dare kuma su kafa tanti, wani lokaci a tsakiyar hamada. Sai dai iyakoki sun fi duwatsu wuyar tsallakewa. Yawancinsu sai da biza, kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya toshe wannan ɓangare na hanyar.